Yadda A Ke Daidaita Haƙora Da Boris A Aksul Na Bayan Mota

Manomi ya yi noma, ya yi girbi, ya ɗure buhuna, amma aikinsa bai ƙare ba sai kaya sun isa kasuwa. Hatsin da za a kai Dawanau, da audugar Funtuwa, da albasar Galmi, da tumatirin Kadawa, duk a bayan mota su ke tafiya, nauyinsu kuwa yawanci a kan aksul na baya ya ke sauka. In aksul ya lalace a hanya, hatsi ya iya jira, amma tumatir ba ya jiran kowa. Kwana biyu cikin rana, sai kwando ya zama ruwa. Ga kuɗin makaniki, ga na wata motar da za a juye kaya, ga ranar kasuwa ta wuce.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne aksul ɗin da aka gyara, aka sa masa sababbin kaya, amma kafin wata ya zagayo ya soma kuka. Mai mota ya ce jabu aka sayar masa, mai shago ya rantse kayansa na gaske ne. Sau da yawa mai shago ke da gaskiya, laifin na ɗauri ne. Haƙoran da ke cikin aksul ba a ɗaura su da ido, ko da ƙarfin damtse. Auna su a ke yi, kuma abin da ya raba aiki mai kyau da na banza bai fi kaurin reza ba. Ba a ce kowane manomi ya zama makaniki ba, amma wanda zai biya kuɗin aiki ya kamata ya san abin da zai tambaya.

Abin Da Ke Cikin Tulu

In aka leƙa ƙarƙashin a-kori-kura ko babbar mota daga baya, za a ga aksul ya kumbura a tsakiya kamar tulu. Wani dogon ƙarfe mai juyi, wanda a ke kira farfela, ya taso daga giyabos ya shiga tulun nan. A cikin tulu akwai ƙarfe biyu masu haƙora. Ɗaya ƙarami ne, yana haɗe da farfela, shi ne finiyan. Ɗayan babba ne, kewayayye kamar faifai, shi ne kirawun. Finiyan ke juya kirawun, kirawun kuma ya juya shaf biyu da suka tafi ga tayoyin baya, ɗaya dama ɗaya hagu.

Aikinsu biyu ne. Na fari, su karkatar da juyin da ya zo miƙe daga gaba ya koma gefe. Na biyu, su rage sauri su ƙara ƙarfi. A tsohuwar Land Rover, kirawun na da haƙora 47, finiyan na da 10. Watau sai farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya, ƙarfin juyin kuwa ya ninku kamar haka. Wasu Hilux na da 41 da 10, wasu 41 da 9. Ke nan in an tashi sayen aksul na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a ƙirga haƙora tukuna. Wannan ya fi zama dole ga motar da ke ja da ƙafa huɗu, gama in lissafin gaba da na baya bai zo ɗaya ba, ƙafafun gaba da na baya za su yi ta jayayya har wani abu ya karye.

A tsakiyar kirawun kuma akwai wani ɗan akwati mai ƙananan haƙora, shi ne difarenshal. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, ya ƙago irinsa na mota wajen 1827. Amfaninsa a kwana ya ke. In tsakanin tayoyin baya ƙafa 5 ne, mota ta yi kwana ta juyo inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da ƙafa 15 da ɗoriya, ko kwanar babba ce ko ƙarama. Difarenshal ke barin kowace taya ta yi tata tafiyar ba tare da ta ja ƙasa ba.

A yawancin motoci, finiyan ba ya shiga daidai cibiyar kirawun, ya ɗan sauka ƙasa. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sa irin wannan a mota a 1926. Ya fi ƙarfi, ya fi rashin ƙara, amma haƙoransa ba haɗuwa kawai su ke yi ba, suna gogar juna suna zamewa. Wannan gugar ita ta sa ya ke bukatar mai na musamman, ita kuma ta sa ba ya yafe kuskure wajen ɗauri.

Finiyan na zaune a kan boris biyu, akwatin difarenshal ma a kan biyu. Ba boris mai ƙwallaye ba ne, mai 'yan sanduna ne masu tsukewa a gefe ɗaya, suna gudu cikin zobe mai siffar mazurari. Henry Timken, wani mai ƙera keken doki a Amurka, shi ya yi rajistarsa a 1898. Irin wannan boris na ɗaukar nauyi daga sama, yana kuma tare turi daga gefe, in dai an matse shi daidai.

Kafin A Kwance

Da fari a tabbata mota na kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, an tare tayoyin gaba, an kuma tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Rai ba shi da safaya.

Sa'an nan a tsiyaye mai cikin kwano mai tsabta a duba. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. In akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, wani abu na ci a ciki. In tsofaffin haƙora za a mayar, a auna sararin da ke tsakaninsu tun ba a kwance ba, a rubuta, domin sun riga sun saba da juna a haka, haka kuma za a mayar da su. Marufai biyu da ke danne boris na difarenshal a yi musu alama, gama kowanne tare da mazauninsa aka huda shi a masana'anta, na dama ba ya zama a hagu. Kowace washa aka cire a ɗaure ta da zare, a rubuta inda ta fito.

Kirawun da finiyan kamar shanun huɗa ne da aka hora tare. A masana'anta an goga su da juna har suka dace, yawanci kuma an rubuta lamba ɗaya a jikinsu. In ɗaya ya lalace, duka biyu a ke canzawa. Haka boris da zobensa: sabon boris a kan tsohon zobe asarar kuɗi ce. Ba a buga boris da guduma kai tsaye, da injin matsi a ke tura shi, a kan zoben ciki. In kirawun ya ƙi hawa mazauninsa, a jiƙa shi cikin tafasasshen ruwa ya ɗan buɗe, a goge shi, a ɗora da sauri. Kada a sa masa wutar walda, tana kashe ƙwarin ƙarfe. Tsabta kuwa ita ce gaba da kome, ƙwayar yashi ɗaya a bayan kirawun ta isa ta karkatar da shi.

Awo huɗu ne a ke yi, kuma bi da bi, domin kowanne na dogara ga na gabansa.

Awo Na Ɗaya: Zurfin Finiyan

Mai huɗa da shanu ya san garma na da zurfinta. In ta nutse da yawa shanu su jigata, in ta yi sama-sama sai ta yi ta karce ƙasa ba kunya. Haka finiyan ya ke cikin haƙoran kirawun. Abin da ke daidaita zurfinsa wata siririyar washa ce ta ƙarfe, da a ke sawa bayan kansa ko bayan zoben boris na ciki. Washa mai kauri ta tura shi ciki wajen cibiyar kirawun, siririya ta janye shi baya. Washoshin nan hawa-hawa ne, bambancin wata da wata bai kai kaurin gashin kai ba.

Makaniki mai hankali ya kan fara da tsohuwar washa, tun da gidan aksul ɗin bai canza ba. A kan wasu finiyan an rubuta lamba kamar +2 ko -1, wadda ke nuna yadda wannan ɗin ya ɗan bambanta da ma'auni. In lambar sabo ta saɓa da ta tsoho, sai a ƙara ko a rage washa yadda littafin motar ya faɗa. Ko an dace ko ba a dace ba, sai an zo duban sawu za a sani.

Awo Na Biyu: Matsin Boris Na Finiyan

Sa'ad da mota ke ja, haƙora na tura finiyan gefe ɗaya. Sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa, su ja shi ɗaya gefen. In boris ɗinsa na da sako-sako, zai yi ta kai da kawowa, zurfin nan da aka sha wahalar nema ya tashi a banza. Saboda haka a ke matse boris biyun har su ɗan yi tauri. Misalinsa majayin sirdi: in ya yi sako sirdi ya zame, in ya tsananta ya ji wa doki ciwo. Boris ɗin da aka matse fiye da kima ya kan yi zafi, ya yi shuɗi, ya ƙone.

Ba da ƙarfin da aka ɗaure noti a ke gane matsin ba, da ƙarfin da a ke bukata kafin finiyan ya juya, shi kaɗai, kirawun ba ya ciki, boris kuma an shafa masa mai. Akwai ƙaramar sufana mai awo domin haka. Inda babu ita, sikeli mai ƙugiya, irin na auna kaya, ya kan wadatar. A naɗe igiya a kewayen farantin da farfela ke kamawa, a maƙala sikeli, a ja a hankali a karanta. A ƙananan motoci da yawa, in faɗin farantin santimita 10 ne, sabon boris ya kan nuna tsakanin kilo 3 da rabi zuwa 5 da rabi, tsoho kuwa kamar rabin haka. Wannan misali ne kawai, kowace mota da nata adadi a littafinta.

A nan akwai tarko. A motoci da yawa, tsakanin boris biyun akwai wani ɗan bututu da aka yi shi domin ya lotse in ana ɗaure noti. Da ya soma lotsewa, matsi na hawa da sauri ƙwarai, saboda haka sai a ɗaure kaɗan a auna, a ƙara kaɗan a auna. In aka zarce, ba a sassauta noti a ce an gyara, gama bututun da ya lotse ba ya miƙewa. Sai a cire shi a sa sabo. Shi ya sa ba a sa shi sai a ɗaurin ƙarshe, bayan an tabbatar da zurfi. Shi ya sa kuma yaron makaniki da aka ba canjin robar tare mai kawai, ya ɗauko bututu ya ƙara wa sufana tsawo ya taka, ya kan kashe aksul mai lafiya.

Awo Na Uku Da Na Huɗu: Sarari Da Matsin Gefe

Yanzu sai a sa kirawun da akwatinsa. Haƙoransa ba za su matse da na finiyan ƙam ba, dole a bar ɗan sarari inda mai zai shiga, inda kuma ƙarfe zai buɗe in ya yi zafi. A riƙe finiyan kada ya motsa, a girgiza kirawun gaba da baya: ɗan motsin da zai yi shi ne sararin. A yawancin ƙananan motoci tsakanin milimita 0.13 ne zuwa 0.25, watau kamar kaurin takardar rubutu biyu. Hannu ba ya iya faɗin wannan. Da agogon awo a ke aunawa, wani abu mai allura wanda a ke kafa tsininsa a kan haƙori. A auna a wuri uku ko huɗu kewaye da kirawun. In wani wuri ya bambanta da wani da yawa, kirawun bai zauna daidai ba, ko datti na bayansa, ko akwatin ya tanƙware.

In sarari ya yi yawa, a matso da kirawun wajen finiyan. In ya yi kaɗan, a janye shi. A wasu motoci akwai manyan noti biyu masu ramuka, ɗaya a kowane gefe: a sassauta wannan rami ɗaya, a ɗaure wancan rami ɗaya. A wasu kuma washa a ke cirewa daga gefe ɗaya a mayar ɗaya gefen. Da sarari ya daidaita, sai a ƙara matse boris biyu na gefe gwargwadon abin da littafi ya ce, domin kada kirawun ya guje wa finiyan sa'ad da mota ta ɗauki kaya ta fuskanci hawa. Sa'an nan a sake auna sarari, a kulle notin.

Duban Sawu

Maharbi ba ya ganin dabba, amma sawunta ya gaya masa inda ta bi. Haka makaniki. Ya kan shafa wani fenti mai maiƙo, rawaya ko shuɗi, a haƙora uku ko huɗu na kirawun, fuska biyu. Sa'an nan ya ɗan danne kirawun da katako domin ya yi nauyi, ya juya finiyan gaba, ya juya baya. Inda fenti ya goge, nan ne haƙora ke taɓa juna.

Sawu mai kyau na tsakiyar haƙori, bai taɓa gindi ba, bai taɓa tsini ba, ya kuma ɗan karkata wajen ƙarshen ciki, domin in kaya ya hau zai bazu zuwa waje. In sawu ya sauka can gindin haƙori, finiyan ya nutse da yawa, a rage washa. In ya hau can tsini, bai shiga sosai ba, a ƙara. In tsayinsa daidai ne amma a fuskar ja ya gudu ƙarshen waje, sarari ya yi yawa. In ya maƙale a ƙarshen ciki, sarari ya yi kaɗan. Kowane lokaci aka taɓa washar finiyan, dole a sake daidaita sarari, a sake shafa fenti. Gwani ma ya kan kwance ya ɗaura sau uku ko huɗu kafin sawu ya zauna. Mai mota kada ya tsaya a kansa yana cewa gobe kasuwa. Sauri ya haifi nawa.

Mai Da Renon Sabon Aiki

Baƙin mai na inji ba ya aiki a aksul, gugar haƙora na tsinka shi. Man giya a ke sawa, mai alamar GL-5, lamba 90 ko 80W-90, ko 85W-140 ga motar da ke shan kaya cikin zafi, in littafinta ya yarda. A zuba mota na tsaye a kan daidai, har mai ya kawo bakin ramin zubawa.

Sababbin haƙora kamar sabon takalmi ne. Tafiyar fari kada ta wuce kilomita 30, sa'an nan a tsaya tulu ya huce. Cikin kilomita 800 na farko kada a yi lodi mai nauyi, kada a yi gudun wuce sa'a. Bayan nan a zubar da man a sa sabo. Ke nan lokacin gyaran aksul tun kafin girbi ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

A saman aksul akwai wata 'yar ƙofar numfashi. In laka ta toshe ta, zafi ya kan tura mai ta gefe ya jiƙa burki. In kuma aka shiga rafi da tulu mai zafi, ya kan zuƙi ruwa. Motar da ke ƙetare ruwa da damina a riƙa duba manta. Tayoyin baya su zama girma ɗaya, iska ɗaya, in ba haka ba ƙananan haƙoran difarenshal ba su hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. In mota ta kafe a taɓo, ƙafa ɗaya ta tsaya ɗaya na walwala, wadda ke juyin ninki biyu ta ke gudu, kuma cikin ɗan lokaci sandan tsakiyar difarenshal ya kan ƙone. Gara a sauke kaya a sa itace ƙarƙashin taya. Tantan da yawa na da abin takawa da ke kulle ƙafafun biyu su juya tare, amma a sake shi kafin a yi kwana.

Kukan Aksul

Aksul ba ya mutuwa bai yi gargaɗi ba. Kuka siriri sa'ad da a ke ba da wuta na nuna haƙora sun ci, ko ba su zauna daidai ba. Kukan da ke tashi sai an ɗaga ƙafa, yawanci boris na finiyan ne ya saki. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris na gefe ne, in kuwa yana canzawa a kwana, a duba na bakin taya. Ƙaf guda sa'ad da aka tashi ko aka sa ribas, ko sarari ya yi yawa, ko gaɓar farfela ta ci. Bugu mai maimaituwa daidai da juyin taya, haƙori ne ya karye. Boris da aka canza da wuri kuɗinsa kaɗan ne. In aka bar shi, ya tafi da kirawun da finiyan gaba ɗaya.

To, mai mota, ko ɗan kasuwar da ya haɗa jari ya saya, ko akawun ƙungiyar manoma da zai sa hannu a takardar biya, ga abin da zai tambayi makaniki kafin a kwance noti ɗaya. Yana da agogon awo? Da me zai auna matsin boris? Zai sa sabon bututun lotsewa? Zai nuna sawun fenti kafin ya rufe tulu? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, murna zai yi ya sami wanda ya san darajar abin da ya ke yi. Wanda ya ce shi hannunsa ne ma'auni, sai a yi masa godiya a nemi wani. Allah ya kai kaya kasuwa lafiya.